Littafin da Ke Hana Barci

'Yan'uwa mata, da yawanku kuna tambayata me za ku riƙa karantawa bayan an gama karatun yaƙi da jahilci, don kada baƙi ya gudu daga kai. Tambayar tana kan hanya. Wadda ta yi wata 6 ba ta buɗe takarda ba, rubutu sai ya koma mata kamar sawun kaji a rairayi.

Ni dai abin da ya riƙe mini karatuna littattafan Kano ne, waɗanda ake shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa har kasuwar Maraɗi. Kuma ba na soyayya zalla ba. Waɗanda marubuci ke ɓoye wani abu a ciki, ki yi ta bi shafi bayan shafi, cocila a hannu, mai gida yana cewa a kashe wuta.

Amma ba duka nake yabo ba. Akwai waɗanda za a ja ki har ƙarshe, wa ya ɗauke jaririn, wa ya zuba wa amarya magani a fura, sai a ce wai aljani ne, ko boka ya duba ƙasa ya faɗi suna. Haba! Wannan ha'inci ne. An sa ki lissafi, sannan an kwashe allon. Wanda nake so shi ne wanda asirin yake cikin zuciyar mutum. Matar gida ta ga kishiyarta ta yi murmushi a bakin murhu, shi ke nan barci ya ƙaurace mata. Ba a yi mata komai ba tukuna, zato kawai ke cin ta, ke ma mai karatu ya fara cin ki, har ki rasa wa za ki yarda da ita.

Wani lokacin ma ba a ɓoye mai laifi. A "Alhaki Kwikwiyo Ne" na Balaraba Ramat Yakubu, tun farko mun san Alhaji Abdu ne ya zalunci Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta saboda Delu. Abin da ke riƙe ki shi ne yaushe alhakin zai cim masa, kuma ta wace ƙofa. Ranar da gobara ta cinye shagonsa, wallahi ajiye littafin na yi na sha ruwa.

Mu 'yan asusu mun san irin wannan zaton. A ƙirga kuɗi a tarar jika 2 babu, sai wuri ya yi tsit, kowa na satar kallon ma'aji. Na ga ƙungiyar da ta watse kan haka a wani ƙauye kusa da mu, daga baya aka gano kuskuren rubutu ne a littafin zubi. Matar da aka zarga har yau ba ta zuwa taron mata.

Shi ya sa a ƙungiyarmu, in an gama zubi, mutum ɗaya takan karanta babi guda, mu tsaya. Kowa ta faɗi wa take zargi, kuma dole ta kawo hujja daga abin da aka karanta, ba "raina ne ya ba ni" ba. Littafin kuwa cikin akwatin kuɗi yake kwana, bayan makulli 3, tun da muka kama sakatariyarmu ta leƙa shafin ƙarshe.