Kinosaki: Garin Da Ake Zuwa Don Wanka Kawai

A arewacin jihar Hiyogo ta ƙasar Japan, dab da bakin teku, akwai wani ɗan gari mai suna Kinosaki. Daga birnin Kiyoto tafiyar kamar awa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa. Garin ba shi da wata babbar kasuwa ko masana'anta, kuma mai ƙafa zai iya ratsa shi cikin minti ashirin. Abin da ke kawo jama'a shi ne ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa, wanda Japanawa ke kira onsen. Ƙasar tana zaune ne a kan duwatsu masu aman wuta, shi ya sa take da dubban irin waɗannan maɓuɓɓugai, har sai da aka yi musu doka a 1948. A dokar, ruwan da ya fito da zafin digiri 25 ko fiye, ko kuma yake ɗauke da wasu ma'adinai da aka ƙayyade, shi ne onsen. Wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari ya san ɗumin digiri 31. To, na Kinosaki yakan kai wajen 42 a kwamin wanka, kuma tazarar nan ba ƙarama ba ce ga jikin ɗan Adam.

Mutanen garin suna da wata magana da suke yi wa baƙo: garin duka masauki ɗaya ne. Tashar jirgi ita ce zaure, tituna su ne baranda, gidajen baƙi su ne ɗakuna, gidajen wanka bakwai da garin ya yi suna da su kuwa su ne makewayi. Ba kirari ba ne kawai. An taɓa yin doguwar shari'a a kan ko masu masauki na da ikon jan ruwan zuwa cikin gidajensu, aka shafe fiye da shekara ashirin ana ja-in-ja, sai a 1950 aka sasanta. Har yau wuraren wankan da ke cikin masaukai ƙanana ne da gangan, don baƙo ya fito waje, mai shago da mai abinci su ma su samu.

Masaukin da muka sauka irin na gargajiya ne da ake kira riyokan, ginin katako mai hawa uku. Tsufansa bai kai yadda ido ke zato ba, domin girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo bayanta sun cinye garin a watan Mayun 1925. Da aka zo sake gini, mutanen suka zaɓi su mayar da shi da katako kamar da, suka ɗaure gaɓar ƙoramar Otani da baƙin dutse, suka shuka itatuwa masu rassa da ke zubowa kan ruwa.

Tun daga bakin ƙofa ake raba mutum da takalminsa. Za a ɗauke a adana, a ba shi silifa, silifar ma a ƙofar ɗaki take tsayawa, don ba a taka tabarmar tatami da komai sai ƙafa ko safa. Banɗaki kuma da nasa silifar daban. Ɗakin fayau yake: ƙaramin tebur a tsakiya, matasan zama a ƙasa, sai wani lungu da aka rataye rubutu da fure guda a kasko. Babu gado. Wata ma'aikaciya ce ke kula da ɗakin tun isowa har tafiya. Ita ta durƙusa ta zuba mana koren shayi, ta ajiye ɗan kayan zaƙi a gefe. An ce hikimar zaƙin shi ne kada matafiyi ya shiga ruwan zafi da yunwa, jiri ya ɗebe shi.

Daga nan sai tufafi. Kowane baƙo ana ba shi yukata, wata doguwar riga ta auduga mai ɗamara, da takalmin katako da ake kira geta. Akwai ƙa'ida guda da ba a wasa da ita: ɓangaren hagu ne ke hawa kan na dama. Akasin haka shi ne yadda ake suturta gawa. Da wannan rigar ake cin abinci, da ita ake yawo cikin gari, da ita ake kwana. Da magariba ta yi, sai ka ga titi ya cika da mutane cikin yukata, kowa da ɗan kwandonsa da tawul, ƙarar katako a kan dutse ƙwas-ƙwas ta ko'ina. Babu mai gane attajiri, babu mai gane ɗan aiki.

Yanzu ga maganar da ta fi damun iyali irin namu. A gidajen wankan jama'a, maza daban mata daban, labule mai shuɗi na maza, ja na mata. Amma a ciki tsirara ake wanka, ba a shiga ruwa da gajeren wando ko ɗaurin ƙirji. Ga Japanawa wannan ba abin kunya ba ne, har suna ganin yana kawar da girman kai tsakanin mutane. Ga wanda ya tashi da kiyaye al'aura kuwa, magana ce babba, kuma ba sai ya tilasta wa kansa ba. Masaukai da yawa suna da abin da ake kira kashikiri, wato ɗakin wanka da mutum ɗaya ko miji da mata za su kulle su yi amfani da shi na kamar minti arba'in zuwa awa guda. Wasu ɗakunan ma da kwaminsu a ciki, sai dai kuɗinsu ya fi yawa. Mu kashikiri muka kama, kuma shawarata ita ce a tambayi wannan tun lokacin kama ɗaki, don ba kowane masauki ke da shi ba.  Akwai kuma wuraren tsoma ƙafa kyauta a bakin titi, inda mutum zai zauna da kayansa a jiki.

Ko a ɗakin jama'a ko a keɓe, tsarin bai canzawa. Kwamin ba wurin cuɗa ba ne. Akwai jerin famfuna da 'yan kujeru a gefe, nan mutum zai zauna ya yi sabulu ya ɗauraye tas. Sannan ya ɗebi ruwan zafin da ƙaramin bokiti ya riƙa zubawa, ya fara daga ƙafa, ya hau gwiwa, ya zo ƙugu, kafin kafaɗa. Sai ya shiga a hankali, ya tsaya iya ciki na ɗan lokaci, sannan ya nutsa zuwa wuya. Ɗan tawul ɗin hannu ba ya taɓa ruwan, a ka ake ɗora shi. Mai dogon gashi ya ɗaure.

Ruwan Kinosaki mai gishiri ne. Idan an fito, gishirin yakan zauna a fata ya riƙe ɗumi, har mutum ya yi tafiya cikin sanyin dare da 'yar riga ba tare da ya ji komai ba. Ana danganta shi da sauƙin ciwon gaɓoɓi, ciwon jijiya da gajiya. Tatsuniyar garin ma a kan magani take: wai wata shamuwa ce aka gani tana tsoma ƙafarta mai rauni a wani gurbi har ta warke, shi ya sa ɗaya daga cikin gidajen wankan ake kiran sa Kono-yu, wato ruwan shamuwa. Marubucin nan Shiga Naoya ya zo jinya garin a 1913 bayan jirgin ƙasa ya buge shi a Tokiyo, kuma daga wannan zaman ya rubuta gajeren labarin da ya ƙara fito da sunan Kinosaki. A da can manoma kan tafi irin waɗannan wurare bayan girbi su yi mako biyu ko uku, al'adar da ake kira toji.

Ni dai a ganina, dare ɗaya ba ya warkar da amosanin gaɓoɓin da ya shekara goma. Abin da ruwan zafi ke yi sananne ne: yana buɗe hanyoyin jini, yana sassauta tsoka, yana ɗauke wa gwiwa nauyin jiki na ɗan lokaci, kuma sanyin da jiki ke yi bayan fitowa yana jawo barci. Sauran amfanin daga tsarin wurin yake zuwa. An raba ka da takalmi da sauri, an sa ka tafiya a ƙasa, an ciyar da kai da wuri, an kwantar da kai da wuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Japanawa ba sa ɓoye haɗarin abin da suke alfahari da shi. A bangon kowane gidan wanka akwai allo mai bayanin abin da ke cikin ruwan da waɗanda bai kamata su shiga ba: mai zazzaɓi, mai ciwon zuciya ko na huhu mai tsanani, mai ciwon ƙoda da ya kumbura, mai zubar jini, mai ƙarancin jini sosai. Dalili kuwa, dubban mutane ne ke mutuwa a bahon wanka duk shekara a ƙasar, akasari tsofaffi, akasari a gidajensu, kuma a lokacin sanyi. A tsakanin tsofaffi, adadin ya zarce na waɗanda haɗarin mota ke kashewa. Yadda abin ke faruwa shi ne, mutum ya tuɓe a ɗaki mai sanyi, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Ya faɗa ruwa mai zafi, su buɗe lokaci guda, jini ya sauka. Sai jiri ko suma, a cikin ruwa kuwa suma ajali ce. Don haka hukumar kare masu sayayya ta ƙasar ke ba da shawarar kada ruwa ya wuce digiri 41, kada zama ya wuce minti 10, kada a miƙe zumbur, kada a shiga da cikakken ciki ko bayan shan maganin barci, kuma tsoho ya sanar da wani kafin ya shiga.

Wannan ya shafi duk wanda zai tafi da iyayensa. Mai hawan jini ya fara ganin likitansa kafin tafiya. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi sosai yana iya ƙonewa bai sani ba, sai wani ya gwada masa ruwan. Yara kuwa jikinsu ya fi saurin ɗaukar zafi, minti kaɗan ya ishe su. A sha ruwa kafin shiga, a sha bayan fitowa. Masu juna biyu an cire su daga jerin waɗanda aka hana a 2014, amma santsin daɓe da dogon zama har yanzu abin kiyayewa ne. Maganar zafi da zuciya ba baƙuwa ba ce a wurinmu: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da wankan tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa.

Abincin dare da wuri ake kawo shi, wajen ƙarfe shida, kuma a yawancin riyokan kuɗin ɗaki na kowane kai ne, ya haɗa da na dare da na safe. Ana kiran irin wannan cimar kaiseki: ƙananan kwanuka ne ke ta zuwa ɗaya bayan ɗaya, ɗanyen kifi, gasasshe, dafaffen ganye, romo, shinkafa a ƙarshe. Daga farkon Nuwamba zuwa Maris lokacin ƙaguwa ne, kuma saboda ita kaɗai wasu ke zuwa. Yankin kuma shi ne asalin shanun Tajima, waɗanda daga cikinsu ake samun naman Kobe mai tsadar nan. Mai kiyaye halal sai ya yi magana kwanaki kafin isowa, don an riga an tsara girkin tun kafin baƙo ya sauka. Guje wa naman alade shi ne mai sauƙi. Mai wuyar ita ce giyar shinkafa, sake da mirin, da ake zubawa a miya da romo kamar yadda muke sa daddawa. Mu kifi da ganye muka nema, aka gasa mana da gishiri kawai, kuma babu wanda ya ɓata rai.

Muna fita yawon bayan cin abinci aka shigo aka janye teburin, aka shimfiɗa katifun futon a kan tabarma. Wanda ya saba kwana a ƙasa ba zai ga baƙon abu ba, amma mai ciwon gwiwa ya nemi ɗaki mai gado, don yanzu masaukai da dama sun tanada. Bangon katako da takarda ba ya riƙe sauti, saboda haka hirar dare da kukan yaro duk maƙwabci na ji. Zuwa ƙarfe sha ɗaya garin ya yi tsit.

Da safe akan sake yin wanka kafin karin kumallo, wanda shi ma shinkafa ce da gasasshen kifi da ƙwai da romon waken suya. Ƙarfe goma ake barin ɗaki. Ba a ba ma'aikata kyautar kuɗi, sai ɗan harajin wanka da gari ke karɓa a kan kowane baƙo. Takalmanmu muka tarar an jera a bakin ƙofa, bakinsu na kallon titi don mu zura ƙafa kawai, uwar gidan da ma'aikaciyar ɗakinmu kuma suka fito suka tsaya suna sunkuyawa har muka sha kwanar gada.