Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jirgin Baba

Yaya,

Bari in kira ka da sunan da ya dace da kai, domin ka girme ni. Ina cikin ciki aka buga ƙusarka ta farko a bakin ruwan Yelwa, kuma kafin a yanka ragon sunana har ka fara kai kaya Rofiya. Akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa, ba wanda ya cancanci ya ji ta kuwa sai kai.

Ka tuna zanenka na iska? Buhunan fulawa ne Baba ya farke, ya haɗa su da basilla a gindin mangwaro, ya ɗaura a jikin doguwar gora. Masu inji sukan wuce mu suna ɗaga hannu, igiyar ruwansu tana jijjiga ka, shi kuwa Baba sai ya gyara zama ya ce iska ba a sayenta a lita. Idan hunturu ya buso, zanen nan ya cika ya yi tumbi, ba abin da ake ji sai ƙarar ruwa a ƙirjinka da kukan gorar tana lanƙwasa. A cikinka na koyi bambanta giwan ruwa da balli tun suna cikin koma. A cikinka na fara ganin dorina ta ɗago kai, na ƙanƙame gefenka har farcena ya shiga kwalta. Ka ji bugun zuciyata a ranar? Ni dai na ji naka, ko kuwa ruwa ne yake dukan katako?

Baba ba ya kallon saman tafki in yana tuƙa ka, ƙasan da ruwa ya rufe yake karantawa. Ya san wurin tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968, kafin ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da duwatsun da suka tare jirgin Mungo Park a 1806, kafin a tashi mutum sama da 40,000 daga garuruwansu da gungunansu. Sai ya nuna fili fetal ya ce nan kasuwa ce, can maƙabarta, a tsakaninsu akwai ƙirya, a kauce mata. Ba duk itatuwan aka sare ba kafin ruwa ya taso, kututturansu suna nan tsaye a ƙasa suna jiran wanda bai san hanya ba. Yana faɗa, ina wasa da hannu a ruwa. Kai ka riƙe karatun, Yaya. Me ya sa ba ka tunatar da ni ba ranar da matuƙi ya dawo hannuna?

Farkon damina ne, lokacin da tafki ke janyewa, kututture ya matso kusa da sama. Na loda maka albasa har ruwa ya kusa taɓa bakinka, muka nufi kasuwar Wara. Hadari ya haɗo daga gabas, na gan shi sarai. Wani dattijo a cikin fasinja ya ce, "Yaro, sauke zanen nan." Na ce za mu riga shi isa. Iska ta fizge mu, ta kauce da mu daga hanyar Baba, sai na ji wani ƙara daga ƙarƙashin ƙafata wanda har yau yakan tashe ni daga barci. Ka hau kututture ka zauna, ruwa yana tsartuwa ta tsakanin buhuna. Amma ba ka kife ba. Ka tsaya a karkace, ka riƙe mu har jiragen masunta suka iso, ba a rasa ko yaron goye ba. Da wane ƙarfi ka yi wannan, alhali cikinka a farke yake?

Washegari Sarkin Ruwa ya tara mutane. Na so ka ga yadda gari ya fito dominka. Aka fara da sauke lodi, buhu bayan buhu, don ka yi sauƙi. Sarkawa suka yi nutso suka laluba raunin da hannu, suka cusa tsumma, suka shimfiɗa buhu ta waje yadda nauyin ruwa da kansa zai manne shi a ramin. Samari suka shiga kwarfar ruwa da bokiti da ƙwarya. Aka jera jirage biyu, ɗaya a damanka ɗaya a hagunka, aka gitta itace a kansu, aka ɗaure ka da igiya, aka ƙara da jarkoki marasa komai a gefe da gefe. Na ce a ja gaba, wani tsoho ya daka mini tsawa: jirgin da ya hau kututture ta inda ya shiga ake fitar da shi, in an ja gaba sai a ƙarasa tsaga shi. Aka tura ka baya da gwangwala, a hankali, ana salati, har ka zame ka yi iyo. A gaɓa aka jera gumagumai, aka mirgina ka a kansu zuwa tudu. Mata suka yi guɗa. Na yi kuka a gaban jama'a ban ji kunya ba.

Kafinta ya zo ya zagaya ka yana ƙwanƙwasa jikinka da guduma, yana sa kunne. Inda katako ke da rai sai ya amsa da ƙara, inda ya ruɓe sai ya yi shiru. Ya miƙe ya ce, "Alhamdu lillahi, jirgin nan bai mutu ba." Katako uku na ƙasa za a canza, da haƙarƙari biyu, a samo maɗaci busasshe, a cusa auduga a tsagogi, a narka kwalta a bi ta kai. Ya cire waɗanda suka karye a ranar. Kafin ya tafi ya ja kunnena: a ɗaga ka daga ƙasa a kan duwatsu saboda gara, a yi maka rumfar zana, a riƙa yayyafa maka ruwa, domin jirgi ba ya jure ƙishirwa.

A nan laifina yake, Yaya, kuma ya fi na ranar hadari girma. Kuɗin albasar mutane na fara biya, na ce in farin ruwa na damina ya zo, kifi ya samu, zan sayi katako. Farin ruwa ya zo ya wuce. Na ce to sai baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga duwatsun Gini ya iso mana cikin sanyi. Shi ma ya zo, tafki ya cika ya kawo har kusa da inda kake kwance, kana jin ƙamshinsa ba ka iya taɓa shi. Ni kuwa na samu aiki a jirgin inji, kuɗi suna shigowa kullum, na fara bin wata hanya zuwa bakin ruwa don kada idona ya faɗa kanka. Ban ɗaga ka ba, ban yi rumfar ba. Na yi maka abin da ake yi wa majinyacin da aka ƙwato daga bakin mutuwa, aka kwantar a zaure, aka manta da shi. Hunturun da ke cika zanenka shi ya tsattsage ka, gara ta hau ta ƙasa ta gina gidanta a haƙarƙarinka. Ka ga wucewata? Ka kira ni ban ji ba, ko fushi ka yi ka ƙyale ni?

Da kafintan ya dawo, gudumarsa ba ta samu inda zai amsa ba. Bai ce mini komai ba, ya mayar da ita jaka ya tafi. Daga baya matan da ke bandar kifi suka aiko a tambaye ni ko za su ɗebi katakonka. Na ce su ɗiba. Da bakina na faɗa. Hayaƙinka ya tashi a kan tarwaɗa, unguwa ta cika da warin kwalta, na shige ɗaki na rufe ƙofa. Me zan ce wa Baba in ya tambaye ni amanarsa? In ce ruwa ya ci ka? Ruwa ya mayar mini da kai da ranka. A tudu ka mutu, a hannuna, kuma "gobe" ce ta kashe ka.

Ka yafe mini, Yaya. Tun da wani jirgi ya tarwatse da lodin da ya fi ƙarfinsa kusa da Wara a watan Mayun 2021, rayuka masu yawa suka salwanta, nake ƙara gane girman abin da ka yi mana da ƙanƙantar abin da na saka maka da shi. Ba ni da yadda zan biya ka, sai dai in roƙi 'yan uwana masu jirage, daga Zamare har Malale: ku rage lodi, ku tambayi tsofaffi inda kututture yake tun suna raye, kuma duk wanda Allah ya fitar masa da jirgi daga ruwa, kada ya kwana bai ɗaga shi daga ƙasa ya yi masa inuwa ba.

Ƙaninka.