Kwamfuta ba ta san zafin Garwa ba

Jiya da yamma ɗan yayata, wanda ke karatun injiniyan lantarki a Marwa, ya buɗe min kwamfutarsa yana ta murna. Ya tsara yadda za a sa wa gidanmu sola, manhaja ta fitar masa da lissafi tsaf, har da zane mai launi. Na ce, "Ɗana, a wane zafi aka auna farantin nan?" Ya yi shiru.

A masana'anta, a digiri 25 ake auna ƙarfin farantin sola. Mu nan Garwa, a watan Afrilu iska kanta tana haura 40, farantin da ke kan kwano kuwa yana iya kai 60. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa ke zubewa, wato kashi 14 sun tafi tun ba a zo maganar ƙurar hunturu ba. Manhajar tana da gurbin duk wannan. Shi ne ya bar lambobin da ya tarar a ciki, ya gaskata amsar don ta fito da kyau.

Abin ya tsaya min a rai. Tun 2016 gwamnati ta yi alƙawarin kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban jami'o'in Kamaru, an kuma kafa Jami'ar Garwa a 2022. Na yi farin ciki da duka biyun. Amma yankin da wutarsa ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, mai megawat 72 tun 1982, wadda ƙarfinta ke raguwa in ruwan Binuwai ya ja baya, yana buƙatar injiniyan da zai kalli allo ya ce, "Anya kuwa?"

Roƙona ga malamai: kafin ɗalibi ya taɓa manhaja, a sa ya ƙiyasta amsar da biro a takarda. In sun saɓa, ya nemo dalili da kansa. A riƙa ba shi lambobi masu kuskure da gangan, a ga ko zai kama. Ga tashoshin sola a Marwa da Gidar, a kai su su gani da idonsu.

Yau da azahar mun hau rufin maƙwabcinmu mai sola da mita a hannu. Ɗan yayata ya auna, ya goge ƙurar farantin, ya sake aunawa. Har yanzu yana tsakar gida yana gyara lissafinsa.