Tasha Da Diga Da Tarago, Ko Hausa Ne?

Ina roƙon mai buga wannan takarda tamu ya ba ni fili in kawo ƙara gabanku. Ƙarar ba ta gona ba ce, ba ta gado ba ce, ta waɗansu kalmomi bakwai ce da aka ja wa jan layi cikin littafin jikata. Na san wani zai ce tsoho ya rasa aikin yi. To, ku saurara tukuna.

Yarinyar tana aji biyu na babbar sakandare a nan Kumasi. Kun dai sani akwai harsunan da hukumar ƙasar nan ta ɗauki nauyin koyarwa, su Tuwi da Fante da Ewe da Dagbani da Gwanja, namu ba ya ciki. Saboda haka Hausar 'ya'yanmu ta tsakar gida ce da ta kasuwa, ba ta taɓa hawa allon makaranta ba. Ana nan sai malaminsu na Turanci ya ba su aiki, wai kowa ya tafi gida ya tattaro kalmomi 30 cikin harshen iyayensa bisa sana'ar kakanninsa, ya rubuta ma'anar kowace da Turanci, ya kuma sa ta cikin jimla. Lalle wannan dabara ce mai kyau, na kuwa yaba masa.

Ta zo ta ce mini, "Kaka, wai mu mene ne aikinmu na asali?"

Na ce, "Amarya, jawo tabarma. Aikinmu biyu ne. Na fari ya mutu kafin a haifi ubana, na biyu ya mutu kafin a haife ki."

Na fari shi ne fatauci. Kakana ya baro ƙasar Kano yana saurayi, yana kora wa wani attajiri jakai cikin ayarin Gwanja. Su ɗauko kanwa da turkuɗi da jima da gabu, su ƙetare Kwara, su ratsa Bargu inda 'yan fashi ke tare hanya, su bi ta Yandi su sauka Salaga, tafiyar wata biyu ko uku, sa'an nan su juya da goro. Nan yarinya ta sami kalmominta na farko. Madugu, shugaban ayari, wanda ke yin ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Jagaba, mai shigewa gaba. Waga, jakar fata da ake ɗora wa jaki. Huhu, ƙunshin goro cikin ganyen fita, wanda sai an riƙa kwance shi ana yayyafa ruwa ana tsince mai sankara, in ba haka ba ɗaya ya ɓata dubu. Ƙwarya, watau goro ɗari. Goriya da marsa da minu, daga babba zuwa ƙarami. Daushe, na bara. Duk cikin waɗannan ƙwarya kaɗai ta taɓa ji, ita ma ta shan koko ta sani.

Da muka zo kan kalmar zango sai ta yi dariya, ta ce ai wannan ba sai an gaya mata ba, unguwarmu ke nan. Na ce a'a. Zango wurin da ayari ke sauke kaya ne ya kwana ɗaya ko biyu, da asuba a ɗaure a wuce. Fatake da shi suke ƙidayar nisa, su ce gari kaza zango goma ne daga nan. Ta yi shiru, kana ta ce, "To, mu me ya hana mu wucewa?"

Amsar wannan tambaya ita ce ta kai mu ga jirgin ƙasa. A 1892 yaƙin sarauta ya tashi a Salaga, gari ya watse, baƙi suka bazu, waɗansu Kete-Karachi inda Alhaji Umaru mai waƙoƙi ya je ya zauna, waɗansu Kintampo, waɗansu Yeji. Kakana ya rasa ubangidansa da jakai gaba ɗaya, ba shi da abin komawa gida, kunya kuma ta hana shi komawa hannu wofi. Ya yi ta gangarowa kudu yana dako. A 1898 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Sekondi. Kada wani ya ce don mu aka yi shi, don zinariya aka yi. Ya isa Tarkwa a 1901, bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ya jinkirta aikin, ya isa Obuasi a 1902, ya shigo Kumasi a 1903, mil 168 ke nan cikin kurmi. Ma'aikata ba su isa ba har sai da aka ɗebo waɗansu daga Ikko. Kakana yana cikin waɗanda suka yi yankin ƙarshe, daga Obuasi zuwa nan. A sare itacen da mutum biyar ba su iya rungumewa, a tone saiwa, a cike fadama da ƙasa kwando kwando bisa kai, ruwa kuwa yana zuba ba dare ba rana. Abin da aka danƙa masa a hannu ran da ya fara shi ne diga. Har ya koma ga Allah, in yana ba da labarin wani abu, sai ya ce an yi shi kafin diga ko bayan diga.

Dogon nan da ya haƙa wa hanya shi ne ya ƙarasa kashe sana'arsa ta fari. Goro ya daina bin jaki. Sai a loda shi a tarago a Kumasi, a sauke a Sekondi, a sa a kwalekwale a kai wa jirgin ruwa can cikin teku, don ba a buɗe tashar Takoradi ba sai 1928, jirgi ya kai Ikko. Da dogon Nijeriya ya isa Kano a 1911, sai abin da ayari ke yi cikin wata uku ya koma na 'yan kwanaki. Masu ido suka gane da wuri. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara bin wannan hanya ta teku da goro, kun kuwa san inda ya kai kafin rasuwarsa a 1955. Amma mai kora jaki fa, ayarin da zai bi ya koma gida babu shi kuma. Kakana ya yi aure a Kumasi, ya kafa bukka, zango ya zama gida.

Ubana shi kuma reluwe ya yi wa aiki tun yana saurayi har ya yi furfura. Ya fara da lebura a shagon kaya, yana ɗaukar buhunan koko, daga baya ya zama mai kula da birki a jirgin kaya. Zamaninsa an riga an haɗa Ankara da Kumasi tun 1923, ana jan baƙin dutsen manganis daga Nsuta, ga katako, ga koko. Mu 'ya'yansa ba mu san agogo ba, jiniya muka sani. In ta yi kuka da asuba uwarmu ta tashi ta hura wuta, in ta yi da yamma mu ruga bakin dogo mu ga ko yana ciki. Ya shiga yajin aikin Janairu 1950, lokacin da Pobee Biney direban jirgi ke gaban ma'aikatan Sekondi. Ya kuma shiga na Satumba 1961, wanda aka yi kwana 17 saboda gwamnati ta ce za ta riƙa yanke kashi 5 cikin 100 na albashi wai ajiyar dole. Ina yaro sa'an nan, amma ban manta da gayan tuwon da muka ci kwanakin nan ba.

Daga nan yarinya ta cike talatin ɗinta, ta kai. Bayan mako guda littafi ya dawo. Madugu da waga da huhu duk an ba su maki. Amma tasha, tikiti, tarago, diga, lebura, birki da jiniya, kowace an ja mata jan layi, an rubuta a gefe wai wannan gurɓataccen Turanci ne, ta kawo kalmomin harshenta na ainihi. Ta dawo ranta a ɓace, ta ce 'yan ajinsu sun yi mata dariya, wai 'yan zango ko harshe ma na aro gare su.

Ban ga laifin malam da yawa ba, ba Bahaushe ba ne, kunnensa ya ji abin da ya saba ji. Gaskiya ne daga bakin Turawa aka tsinci bakwai ɗin nan. Jiniya ma ai sunan injiniya ne aka gutsure aka liƙa wa usur ɗinsa. Amma in aro shi ke hana kalma zama tamu, to, sai mu mayar wa Larabawa littafi da alƙalami da sabulu, mu mayar wa Barebari kasuwa, mu mayar wa Yarabawa agogo da ashana da akwati, sa'an nan mu ga abin da za mu yi magana da shi. Turawan su ma tikitin nan daga Faransanci suka samo shi. Ku duba kuma yadda muka yi da su. Muka ba tasha jam'i muka ce tashoshi, muka ce taragai, muka ce leburori, har muka fitar da leburanci. Kalmar da ta haifi 'ya'ya a gidanka ta wuce baƙuwa. Inda kuma muke da abin kanmu ba mu yi aro ba: muka ga abu yana ɗaukar mutane da kaya kamar jirgin fito a Kwara, muka ce jirgin ƙasa, muka ga ƙarfen ba ya ƙarewa, muka ce dogo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar yaran nan, don na taɓa jin irinta daga bakin manya. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da doka, wai duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Tsofaffinmu sun tuna yadda zango ya zama, mutum ya sayar da gida da kuɗin akuya, motoci cike da mutanen da aka haifa a nan ana kai su ƙasar da ba su taɓa gani ba. Aka zo ana tambayar ubana takarda. Ya shiga ɗaki ya fito da katinsa na reluwe, ya ce ubansa ne ya haƙa hanyar jirgin da ya kawo takarda garin nan. Allah ya sa muka tsira, maƙwabtanmu da dama ba su tsira ba. Madugu da waga suna shaidar inda muka fito, wannan kuwa ba mai musu a kansa, shi ne ma abin da ake yi mana gori da shi. Diga da tarago su ne ke shaidar abin da muka yi bayan mun iso. Su ne aka ce yarinya ta goge.

Ba ta goge ba. Na sa ta ta sake kwafe su, ƙarƙashin kowace ta rubuta inda aka samo ta, da shekarar da dogo ya iso, da wanda ya riƙe abin a gidanmu. Jirgin fasinja ya daina zuwa Kumasi tun ba a haife ta ba, da na kai ta tsohuwar tasha ma 'yan kasuwa muka tarar sun baza kaya bisa dogo, sai da na ɗaga tabarmar wata mai tattasai na nuna mata ƙarfen.

Yanzu ga roƙona. A masallacinmu saura mutum uku da suka ci albashin reluwe, ƙaraminsu ya ba tamanin baya. Akwai kuma gidajen mahauta, da na dillalan shanu, da na waɗanda kakanninsu suka yi soja ko ɗan sanda, kowane da kalmominsa. Duk mai ɗa ko jika a sakandare ya tura shi wurin tsohon gidansu da littafi da alƙalami, ya rubuto ko goma ne, na aro da na gado duka, a kawo wa mai buga takardar nan ran Juma'a bayan an sauko, ya riƙa sa mana su kaɗan kaɗan. Talatin ɗin jikata suna hannunsa, za su fito a fitowa ta gaba in Allah ya so.