Warin Fetur a Gindin Jirgi: Wata Safiya a Bakin Ruwan Malanville



Wanda ya taɓa sauka Malanville ya san hanci ne yake fara gaisawa da garin kafin ido: albasa, busasshen kifi, da danshin fadamun shinkafa inda kogin Sota yake zubawa cikin Kwara. Ina yaro na ɗauka daga kalmar "malam" aka samo sunan, har nakan yi alfahari da haka tunda a zauren liman na tashi. Ashe sunan wani gwamnan Faransa ne, Malan. Dendawa kuwa Tassi suka san wurin, wato rairayi.

Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, sai mutane da kaya suka koma ruwa kamar zamanin kakanni. A watan Janairu 2024 rasuwa ta kira ni ƙetare. Na isa bakin ruwa bayan sallar asuba, ga hunturu, ga kogi a cike da ruwan da yake gangarowa daga Gini a irin wannan lokaci. Cikin jiragen da ke jere na hangi wani dattijo daga cikin Sarkawa ya durƙusa, ya ɗaga katakon da ake takawa, ya cusa kansa ƙasa. Da fari na zaci sujada yake yi.

Na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Ɗan malam, shinshinawa nake. Jirgin da ya kwana rufe da tamfol, ba a tayar masa da inji sai an tambayi gindinsa."

Gindin jirgi shi ne wannan kwarin da ke ƙarƙashin katakai, inda ruwan da ya yoyo yake taruwa. Can kuma duk ɗigon fetur yake ƙarewa. Ya nuna mini hanyoyin da yake bi: tiyon da rana ta busar har ya tsage, jarkar da aka toshe bakinta da leda maimakon murfi, ɗurin da ake yi cikin gaggawa ba mazurari, da injin da aka kifo cikin jirgi da dare yana tsiyaya. Jarka idan ta sha rana kumbura take yi, ta yi ta fitar da numfashi. Galibin waɗannan injuna kuma fetur gauraye da baƙin mai suke sha, shi ya sa abin da ya zuba ba ya bushewa sarai, yakan bar maiƙo a jikin itace.

Nan ne abin da muka karanta a makarantar boko ya dawo mini. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Kwarara yake yi ƙasa kamar ruwa, ya kwanta a wuri mafi zurfi, kuma jirgi ba shi da ƙofa a ƙasa da zai fita. Idan ya kai ko da kashi 2 cikin 100 na iskar wurin, tartsatsi ɗaya ya isa. Gazuwal bai kai shi saurin kamawa ba, amma warinsa ya fi naci, yakan shige katako ya zauna watanni. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hanci yana sabawa. Matuƙin da ya wuni cikin warin ba ya jin sa kuma. Fasinjan da ya shigo ya yamutsa fuska shi ne mai gaskiya, amma shi ake yi wa dariya a ce ɗan birni ne.

Dattijon bai yi gaggawa ba, ko da yake jiragen maƙwabta suna ta cika suna tashi. Ya sa yaronsa ya fitar da jarkoki da katakai duka zuwa tudu, aka bar jirgin a buɗe iska tana kaɗa shi. Ya yanke bakin tiyon da ya tsage ya sake ɗaurewa, domin a cewarsa wankin jirgi kafin a toshe yoyo ɓarnar sabulu ce. Sannan aka kwalfe ruwan gindin, mai ƙyalli kamar bakan gizo, aka zuba a wani tsohon bokiti. Aka barbaɗa ɓuntun shinkafa, wanda ba a rasa shi a Malanville, ya tsotse maiƙon, aka kwashe. Sai wanki da ruwan ɗumi da garin sabulu, a goge da tsumma, a matse cikin bokitin nan. Ya ce ranar da ba aiki yakan bar rana ta gasa cikin jirgin, ya ajiye ƙunshin gawayi a lungu ya janye sauran warin. Turare kuwa, da na ga wasu suna fesawa, rufe bakin mai gargaɗi ne kawai.

Na tambaye shi dalilin bokitin, ga kogi shimfiɗe a gabansa. Ya nuna mini mata suna wanke-wanke a ƙasa da mu, da wani yaro yana cika buta. Sabulu ba ya kashe fetur, farfasa shi yake yi ya nutsar da shi inda kifi yake. Ni kuma na tuna karatun Ishmawi da Risala a gaban mahaifina: ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya jirkita da wani abu da ba nasa ba, bai inganta a yi alwala da shi ba, ko da abin ba najasa ba ne. Fetur ba najasa ba ne, amma wanda ya kwarara shi a mashaya yana iya ɓata wa mutum goma tsarki bai sani ba.

Rana ta ɗaga kafin mu tashi, mu kusan ashirin da buhunan masara. A tsakiyar ruwa wani saurayi da sanyi ya dama ya zaro taba da ashana. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya kashe inji, jirgi ya fara bin ruwa, ya ce, "Yaro, ko ka ba ni ashanar, ko mu kwana nan." Wata tsohuwa ta fizge ta miƙa, aka yi dariya, amma na ga hannun wata mai goyo yana rawa.

A gidan rasuwa a Gaya na tarar da mata sun kewaye tukunyar sadaka suna salati. Shinkafar da wani ɗan'uwa ya aiko daga Malanville ta kwana a gindin wani jirgi, ta sha wari har cikin ƙwaya. An wanke ta sau uku, an shanya, an dafa da albasa mai yawa, duk da haka ko almajirai ba su iya ci ba. Wani ya kawo shawarar a kai sauran buhun kasuwa a gauraya da mai kyau. Gwaggona ta ce ba da sunan mamacinta ba. Da yamma aka aiki yaro kasuwar Gaya ya auno wata, bashi.