Ranar da Dutsen Ya Ɓantare

A unguwar Birni ta Damagaram akwai wani zaure mai ƙofa ɗaya inda wani dattijon maƙerin fari ke aiki tare da ɗan ƙanwarsa. Hausawa sun raba ƙira gida biyu. Akwai ƙirar baƙi, wadda ke fitar da fartanya da gatari da lauje, akwai kuma ƙirar fari, wadda ke sarrafa azurfa da tagulla da zinariya ta fitar da zobba da mundaye da ƴan kunne. Yaron ya shekara huɗu a zauren. Da zuga ya fara, ya kai ga gyaran aiki da magagari, daga bisani aka sakar masa narka azurfa a ɗan kasko. Abu ɗaya ne kawun bai taɓa barin sa ya yi ba, shi ne rufe baki a kan dutsen zobe.

Wata safiya cikin hunturu sai ga wata Hajiya ta yi sallama, ta kwance wani ƙullin ƙyalle a gabansu. A ciki akwai zoben azurfa wanda daɗewa a hannu ta sa ya yi siriri, ga kuma jan dutsen aƙiƙ a gefe, ya fice daga mazauninsa. Mijinta ne ya sayo zoben a Madina shekarar da ya yi aikin hajji, yana hannunsa har Allah ya yi masa rasuwa. So take a sake ƙera shi daidai yatsan babban ɗansu, wanda zai yi aure nan da mako uku. Ta ce azurfar a narka ta, a ƙara mata wata in ta kasa, amma dutsen kada a canza shi.

Aƙiƙ ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke kai da kawowa tsakanin Tarabulus da Agadas da Damagaram da Kano, duwatsu irinsa na cikin kayan fatauci. Da yawa daga cikinsu an sassaƙo su ne a garin Kambat na ƙasar Indiya, inda masu sana'ar ke gasa dutsen cikin tukwanen ƙasa har launinsa ya ƙara ja. A ƙarni na 19 kuma masu sassaƙar dutse na Idar-Oberstein a Jamus suka shiga yin irin waɗannan duwatsu suna aikowa Afirka. Azurfar kuwa, a da mafi yawanta daga liyari ake samun ta, wato kuɗin nan mai hoton sarauniya Mariya Taresa da shekarar 1780 a jikinsa. Nauyin kowanne ya kai kusan giram 28, kuma kashi 833 cikin 1000 nasa azurfa ne. Maƙeran Agadas da na Damagaram sun narka irinsa ba iyaka.

Kawun ya ɗauki dutsen da hantsaki ya juya shi a hasken ƙofa. Samansa a kumbure yake kamar rabin ƙwai, ƙasansa a baje. Irin wannan dutse gida ake yi masa, wato a zagaye shi da ƴar siririyar katanga ta azurfa, sannan a kwantar da bakin katangar a kan kafaɗarsa. Duwatsu masu fuskoki da yawa, irin su yaƙutu da daimon, su aka fi riƙewa da ƴan farata huɗu ko shida domin haske ya ratsa su ta gefe. Aƙiƙ ba ya bukatar haka, kuma hannun namiji mai aiki gida ya fi dacewa da shi, tunda ba ya kama tufafi, ba ya saurin buɗewa.

Kwana biyu suka yi suna aikin. Yaron ya narka tsohuwar azurfar, ya buga ta da ƴar masaba a kan uwar maƙera, yana mayar da ita wuta lokaci lokaci, domin azurfa in ta sha bugu taurare take, sai ta ga wuta take yin laushi. Ya naɗe ta a jikin sandar ƙarfe mai tsini da ake auna zobe, har ta yi daidai da zaren da Hajiya ta auno yatsan ɗanta da shi. Katangar kuwa kawun ne ya yanka ta da kansa daga tsantsar azurfa, saboda ta fi wadda aka gauraya da jan ƙarfe saurin lanƙwasuwa. Ya naɗa ta a jikin dutsen, ya yanke rarar, ya cire dutsen ya ajiye nesa da murhu, ya shafa sinadari a mahaɗar, ya liƙe. Wannan kalma ta sinadari, wadda ɗalibai suka fi sani yanzu a darasin kimiyya, tun da can tana bakin maƙera, sunan garin da ke sa liƙi ya gudana ya kama ƙarfe ke nan. Duk wani aikin wuta sai an gama shi kafin dutse ya shiga gidansa, domin zafi kan sauya masa launi ko ya tsaga shi. Da aka wanke zoben da ruwan lemun tsami da gishiri, kawun ya shimfiɗa zare a gindin gidan, ya ɗora dutsen a kai ya gwada. Ya zauna daram. Ya ja zaren, dutsen ya fito.

A rana ta uku aka aiko kawun ya je jana'izar wani maƙwabci. Da zai fita sai ya dubi yaron ya ce, “Ka sha ganin yadda nake yi. Gabas, yamma, kudu, arewa. Rufe shi.”

Abin da yake nufi shi ne a tura bakin katangar a wuri ɗaya, a koma wurin da ke fuskantarsa, sannan a yi sauran ɓangarorin biyu, daga nan a bi tsakankaninsu. Ta haka dutsen ke tsayawa a tsakiya, azurfar kuma ta rarrabu daidai. Yaron ya san wannan sarai. Amma da ya tura wuri na farko ya ga azurfar ta kwanta ba gardama, sai daɗi ya kwashe shi, ya ci gaba da bin bakin a jere kamar mai ɗinkin lafin riga. Kafin ya zagayo inda ya fara, rarar azurfar ta taru wuri ɗaya ta yi tudu, dutsen kuma ya ɗan karkace. Ya gwada danne tudun da hannu, ya ƙi. Sai ya ɗauko madoshi ya ɗora a kai, ya buga da masaba. A bugu na uku madoshin ya zame.

Aƙiƙ dutse ne mai tauri. A ma'aunin taurin duwatsu da wani Bajamushe mai suna Mohs ya tsara a 1812, daimon na kan 10, aƙiƙ na wajen 7, azurfa kuwa ba ta wuce 3 ba. Sai dai taurin da ke hana shi ƙarcewa ba ya hana shi fashewa in an buge shi a gefe. Wani ɗan ɓalli kamar ƙwayar gero ya ɓantare ya faɗi a kan buzun da yaron ke zaune.

Ya daɗe yana kallon wurin. Can sai ya lura cewa in ya ja azurfar sama kaɗan, za ta rufe taɓon. Haka kuwa ya yi, ya goge bakin da santsin ƙarfe har ya yi sheƙi, ya ajiye zoben a inda kawun ke ajiye aikin da aka gama.

Bayan la'asar kawun ya dawo. Ya ɗauki zoben ya bi bakin da farcen babban yatsa, ya tsaya a inda katangar ta fi tsayi. Ya kai zoben kusa da kunnensa ya girgiza. Bai ɗaga murya ba, ya ce, “Me ke ƙarƙashin nan?” Yaron ya sunkuyar da kai ya faɗa masa. Kawun ya ce dutsen da gefensa ya ɓantare ba ya zama, akwai rami a ƙarƙashin katangar, in an jima zai soma motsi, wata rana ya faɗi a inda ba za a gan shi ba. Gyaransa ɗaya ne, a yanke gidan, a wasa gefen dutsen har taɓon ya ɓace, a yi masa sabon gida. Dutsen zai ragu, kuma ba nasu ba ne balle su rage shi ba da sanin mai shi ba. Ya ƙara da cewa, “Gobe kai za ka gaya mata.”

Da safe suka tafi gidan tare. Yaron ya durƙusa ya ce, “Inna, ni na yi ɓarnar, ba Kawu ba.” Hajiya ta karɓi ɗan ɓallin a tafin hannunta, ta yi shiru mai tsawo. Sa'an nan ta ce, “Shekara talatin yana hannun Alhaji, gona da kasuwa, bai ɓantare ba.” Ba wanda ya amsa. Ta tambayi wanda zai yi gyaran, kawun ya nuna yaron, ya ce yana zaune kusa da shi har ya gama. Ba ta ji daɗin wannan ba, kuma ba ta ɓoye ba, amma ta ce a yi.

Kwana uku yaron ya yi yana goga gefen dutsen a kan dutsen wasa wuƙa, yana ɗiga ruwa, yana juya shi kaɗan kaɗan domin kada ƙirarsa ta ɓaci. Da kansa ya yanka sabuwar katangar, sau biyu tana fitowa da faɗi ana sakewa. Da aka zo rufewa ya tura gabas, ya juya zoben ya tura yamma, ya yi kudu da arewa, ya bi tsakankani, bai taɓa masaba ba.

Hajiya ta zo karɓa saura kwana tara ɗaurin aure. Ta duba dutsen ta ce ya ragu, kawun ya ce haka ne. Ta biya kuɗin azurfar da aka ƙara, ladan aiki kuwa kawun ya ƙi karɓa. Kafin ta ƙulle zoben a ƙyallenta sai ta miƙa wa yaron ta ce ya girgiza shi a kunnenta. Ya girgiza, ba ta ji motsi ba. Ta yi musu sallama ta fita, yaron ya koma bakin zuga-zugi.