Kafin magina su ja igiya

Ɗana, tunda Allah ya hore maka fuloti a Ɗanbare, ka saurare ni kafin a haƙa tushe. Magina za su ce ka cinye filin har bakin titi, ka fitar da shaguna biyu na haya. Kada ka biye musu. Ka ja katangarka baya, ka bar wa kwata hanyarta, ka bar wa mai tafiya a ƙasa inda zai taka.

Mu da muka tashi a cikin birni mun san Kano da kududdufai. Nan aka haƙi ƙasar gina gidaje, ramukan kuma suka riƙa shanye ruwan damina. Ba na kewar warinsu, balle sauronsu. Amma da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cikewa da shara ana yanka filaye, ba wanda ya tanadar wa ruwan wata makoma. Shi ya sa a watan Agusta yake bin mutane har ɗaki.

An yi gadojin sama a Ƙofar Nassarawa da Ɗangi, masu mota sun huta, madalla. Sai dai talaka ƙafarsa ce motarsa, in da hali ya hau adaidaita sahu. Je ka ga gefen titi: mai shago ya baje haja, maƙwabcinsa ya girke janareta, wani ya ajiye mota, ɗan makarantar allo kuwa dole ya sauka kan kwalta. Kowa taku biyu kacal ya ci, a haka hanyar ta ƙare.

Inda ka bari ɗin nan, ka dasa darbejiya. Da ita aka fara kewaye Yamai tun 1965, don tana jure fari, ga saurin girma. Ka dasa ta da ruwa ya zauna, wajen Yuli, ka kewaye ta da bulo saboda awakin unguwa ba su da kunya. Rani biyu ruwan alwalarka ya ishe ta. Durumi da ceɗiya sun fi ta inuwa, amma saiwarsu na tsaga gini, sai dai a filin masallaci ko makaranta. Ka kuma yi wa mai unguwa magana tun layin bai cika ba, a ware wa yara filin ƙwallo a rubuce, da sa hannun shaidu.